In Ji Ta Gida

Ƙanena Ilu tun yana firamare bakinsa ke jawo masa farin jini, shi ke kuma jawo masa duka. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malamin makaranta ne a Kwaciri, mutum mai kamewa wanda ko dariya zai yi sai ya kare baki da hannun riga. Ban san wa Ilu ya ɗauko ba. Za a aike shi Kantin Kwari sayen yadi, ya dawo babu yadin, amma ya dawo da muryar dillalin da rantsuwarsa da yadda yake lasar yatsa kafin ya warware bandir. Mu yi ta dariya har tuwon Inna ya kama, sannan Malam ya shigo da bulala.

Da ya girma aka fara ɗaukarsa yana nishaɗantar da mutane a wurin biki. Daga nan sai rediyo, daga rediyo wani gidan talabijin da ke saman bene a Sabon Gari ya ba shi shiri nasa na kansa. Yana gayyato 'yan kasuwa da mawaƙa da likitoci, ya zaunar da su ya yi ta tsokanarsu, su kuma suna murna an tsokane su. Yanzu ko Fagge ya ratsa a ƙafa sai an tare shi ɗaukar hoto. Ni Ummakulsum ni ce babbar yayarsa, kuma ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Sai dai na daɗe ban kalli shirin nan da daɗin rai ba.

Dalili kuwa wani ɓangare ne da yake rufe shirin da shi, wanda ya raɗa wa suna In Ji Ta Gida. Baƙi su zo su tafi, amma wannan ɓangaren ne mutane ke tura wa juna a waya. Zai gyara zama ya ce jiya ta gida ta ce kaza, ɗaki ya ɗauki dariya tun bai ƙarasa ba. Bai taɓa ambatar sunanta ba, shi a ganinsa ya rufa mata asiri ke nan. To mace ɗaya gare shi, kuma babu gidan biki a Fagge da ba a san Ruqayya ba. Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne ita ce mai abin dariyar. Ilu gwanin kwaikwayo ne, amma ba ya ƙirƙira. Ruqayya ce za ta ɗago kai yana shigowa ta ce tumbinsa ya riga shi yin sallama, ta ci gaba da yanka albasarta ko murmushi babu. Shi kuma ya kwasa ya kai wa duniya.

Da farko ita ma dariya take yi, har aka zo kan maganar haƙori. Ashe Ruqayya na da haƙorin roba guda a gaba tun wata faɗuwa da ta yi tana budurwa, ni kaina ban sani ba. Ranar nan tana shan rake ya fice ya maƙale a jikin raken. Ta ba mijinta labari yadda ta saba, shi kuma ya kai talabijin. Bayan nan na raka ta wani suna, na ga mata masu 'ya'ya da jikoki suna gaishe ta idonsu na kan bakinta, wata har tana jan ta da raha da gangan don ta buɗe shi. Tun daga ranar ta ja bakinta ta tsuke a gidanta. Sannu da zuwa, ga abinci, Allah Ya tsare, shi ke nan. Na samu Ilu na wanke shi tas, ya rantse min bai yi da mugun nufi ba, kuma na san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Mako na zagayowa ya shaida wa 'yan kallo cewa ta gida ta shiga yajin aikin magana, suka yi ta tafi.

Ana cikin haka Ruqayya ta zo gidana da hantsi ta ce in raka ta Sabon Gari wurin Nkechi. Nkechi ƙawarta ce tun sakandare, ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Kano, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Na ɗauka ziyara ce. Sai da muka zauna a falonta, ta kashe rediyo ta turo ƙofa, na gane ba ziyara ba ce.

Nkechi ce ta yi bayanin, Ruqayya na kallon ƙasa. An ga ƙari a mamanta na hagu, an yi gwaji, sankara ce. Likitoci sun ce sai an cire shi gaba ɗaya, kuma ba sa son a ja lokaci. Duk fitar da take yi da sunan zuwa wurin tela, asibiti take zuwa. Babu wanda ya sani sai Nkechi, sai ni yanzu, ni ma don tana neman wanda zai riƙe mata 'yarta Afra ne. Na yi salati, na yi kuka, sannan na tambayi abin da Ilu ya ce. Ruqayya ta ce Baban Afra bai sani ba, kuma tana roƙona don girman Allah kada ya ji daga bakina.

Na ce mata wannan ba magana ba ce. Ta yaya za a yi wa mace aiki irin wannan mijinta na gari bai sani ba? Sai ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, haƙori ɗaya na rasa, mutanen Kano suka shekara suna leƙen bakina. In na rasa wannan, ina kike jin za su kalla?"

Na so in kare ƙanena, in ce ai ba mahaukaci ba ne, ya san abin wasa ya san wanda ba na wasa ba. Amma bakina ya ƙi, don ban tabbatar ya sani ɗin ba.

Dabararta ita ce ta tafi gidan iyayenta a matsayin ta yi yaji, a yi aikin daga can, gara ya ɗauka fushi take. Nkechi ta ce ta daɗe tana gaya mata ba zai yiwu ba, maganin da za a ɗora ta a kai bayan aikin mai tsawo ne, jiki zai zube, gashi zai zube, ba abin da ake ɓoye wa wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi ba ne. Muka yi ta fama da ita har azahar. A ƙarshe na ce ni zan kawo shi nan ɗakin, ta gaya masa da bakinta a gabanmu, in kuwa maganar ta kai talabijin to ba ni ba shi har abada. Ruqayya ta share fuska da gefen hijabi.

"Ina so ya sani, Yaya. Wallahi tsoro nake ji, kuma babu wanda nake so ya zauna kusa da ni irinsa. Ki kawo shi."

Ranar da suke ɗaukar shiri na hau benen nan da ƙyar, ta bayan wani shagon kayan gyaran mota, gwiwoyina na ƙara. Aka ba ni kujera a baya. Baƙon ranar wani mai sayar da shadda ne, Ilu ya yi ta juya shi ana dariya. Da aka zo In Ji Ta Gida sai na ji ya ɗauko tsohon labarin tumbi ya sake masa riga. An yi dariya, amma irin ta kara, wadda ake yi wa babba in ya maimaita labari. Na ga shi ma ya ji. Da aka kashe fitilu, Ifeanyi mai tsara shirin ya ja shi gefe, na jiyo yana ce masa mutane sun fara cewa shirin ya yi sanyi, ya kamata ya kawo sabon abu.

Ya zo wurina yana goge hodar fuskarsa, sai na ga ya tsufa. Tun kafin in yi magana ya fara kai min ƙara. Ya ce gidansa ya zama kamar gidan makoki, ya yi lallashi ya yi ban baki, Ruqayya ba ta ce masa komai sai to. Ya ce wallahi kewar muryarta yake yi, in taimaka in yi mata magana. Na yarda yana kewarta. Abin da ban sani ba shi ne ko don kansa yake kewar ko don fitilun can, kuma ina jin da na tambaye shi shi ma ba zai iya rabewa ba. Na ce ya taso, tana jiransa a gidan Nkechi.

A-daidaita-sahu muka shiga. A mahaɗar titi wasu samari suka hango shi, suka biyo mu suna kiran In Ji Ta Gida, ɗaya na nuna haƙorinsa na gaba. Ilu ya ɗaga musu hannu yana washe baki. Na ji kamar in mangare shi, amma na daure na kau da kai.

Ruqayya ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta gaya masa sunan ciwon, ta gaya masa abin da za a cire. Na ga ƙanena ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ya yi kuka irin wanda ban ga ya yi ba ko ranar rasuwar Malam. Da ya tambayi me ya sa sai yanzu yake ji, Nkechi ce ta ba shi amsa, ba ta kuwa tauna masa ba. Sannan ya kama ƙafar matarsa ya ce ta yafe masa, ya rantse da Allah daga yau ya soke ɓangaren nan, in ta ce ya bar shirin gaba ɗaya zai bari. Ba wasa yake ba, na san fuskar Ilu in yana wasa.

Sai na ga kafaɗun Ruqayya sun sauka. Ta ɗora hannu a kansa ta ce ya tashi haka nan, kada ya jiƙa wa Nkechi kafet. Nkechi ta kawo lemo. Ilu ya matsa kusa da matarsa yana tambayar yadda aka yi ta gane, da wane likita ta gani, ita kuma ta fara magana. Rabon da in ji ta tana zuba haka har na manta. Daɗi ya kama ni, na ce a raina Alhamdulillahi, an wuce wurin.

Tana ba shi labarin likitan da ya fara duba ta, wani yaro sabon fitowa mai kunyar tsiya. Ta ce tun da ya fara bayani bai yarda ya dube ta ba, fankar sama kawai yake kallo, yana cewa ciwon ya yi nisa, dole a yi aiki, dole a cire. Ita ma sai ta ɗaga kai ta taya shi kallon fankar. Da ya gama ya ce ko tana da tambaya, ta ce eh, ita dai tana so ta sani, ita za a yi wa aikin ko fankar.

Ni da Nkechi muka fashe da dariya, hawaye na zuba, dariyar da ta fi kuka ciwo. Ina cikin share ido na waiga wurin Ilu. Ba dariya yake ba. Hawaye bai bushe a kumatunsa ba, hannunsa na riƙe da nata, amma idonsa ya tafi wani wuri. Kansa ya ɗan ɗagu sama kamar mai kallon fanka, leɓɓansa na motsi a hankali, yana maimaita maganar, yana gwada inda zai tsaya kafin ya ce fankar.

Na yi saurin kallon Ruqayya ina fatan ba ta gani ba. Ta gani. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai take kamar mai kallon ruwan da ya riga ya zube. Ta zare hannunta a hankali ta mayar cikin hijabi.

Shirun ɗakin ne ya dawo da shi. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me ya faru, me ya yi. Har ga Allah bai sani ba.

Ruqayya ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Yaya, ke za ki yi jinyata," in ji ta. "Nkechi za ta gaya miki asibitin da ranar. Ke kaɗai."