Kwanon Dassin Ya Dawo Wayam

"Kai ne, Isufu. Kai ka sa mini ƙarya a baki, ka kai ta Maradi aka buga ta da inji."

Haka 'Yargata ta fara, ba sallama, ba ina kwana, ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada. Dattawan majami'ar Arlit huɗu suna zaune a rumfar kwano, Malam Isufu mai bishara yana tsakiyarsu. Kowa a garin Malam yake ce masa. Ita kuwa yau ta bar malantar a gida. Ta dire kayanta a kan tabarma: rediyo mai kaset, littafi mai shuɗin bango, da kwanon sha wankakke, babu komai ciki.

"Inna, ki zauna tukuna," in ji Isufu.

"Na zauna shekara sittin. Yau a tsaye nake."

Littafin nata ne, duk Arlit ta sani, don ba wanda ta bari bai sani ba. Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, amma kaset bakwai ta cika da bakinta, kamar yadda take aika wa 'yan'uwanta saƙo Tsibiri ta hannun direbobi. Isufu ya saurara ya rubuta, ya tafi da takardun kudu cikin ayarin motocin da soja ke rakiya saboda tawaye. Wata biyar ana jira. Da kwalin littattafan ya iso ta ga hotonta a bayan bango, da ɗaurin kallabinta na Kirsimeti, sai ta sa aka karanta mata sunan littafin sau uku: Dalilin Da Aka Bar Ni Da Rai. Ta zaga da shi kasuwa. Ta nuna wa mai nama, ta nuna wa likita, ta hau mota har Akokan ta nuna wa matan da suka taɓa yi mata dariya don ba ta iya sa hannu a takarda ba. Kwafin farko kuwa, wanda ba ta bari ko yatsa ya taɓa ba, ta naɗe shi a sabon zane ta kai wa Dassin.

Dassin maƙwabciyarta ce, Buzuwa daga Dannet. Shekarar babban fari ta shigo Arlit da akuya ɗaya da ɗa ɗaya, bayan garkensu ya ƙare a daji, 'Yargata ta ba ta gefen gida ta kafa tabarminta. Daga baya kasuwar ƙarfen da ake haƙa ta faɗi, aka rage ma'aikata, Nomau mijin 'Yargata ya zauna gida, bai cika shekara biyu ba ya rasu. 'Yargata ta juya fuska bango ta ƙi ci, tana roƙon Ubangiji ya ɗauke ta. Dassin ce ta shimfiɗa buzun sallarta a bakin ɗakin, kwana arba'in, ta yi sallarta biyar a nan, ta dama gero da nonon akuya ta ɗura mata kamar jinjira. Kullum maganarta ɗaya ce, da Hausarta ta Buzaye: "Tashi. Allah bai gama da kai ba." A kan wannan maganar aka gina littafin gaba ɗaya. Tun daga lokacin kwano ke yawo tsakanin gidajen biyu kowace yamma, in ya tafi da tuwo ya dawo da cuku ko dabino, bai taɓa dawowa haka nan ba.

"Kwana shida ke nan yana dawo mini wayam," in ji 'Yargata, ta ɗaga kwanon ta kife shi, don dattawan su gani. "Na ce ko Dassin ba ta da lafiya. Jiya a bakin famfo Illi ɗanta ya tsaya da kamiyonsa na dakon kaya ya gaya mini. Shi ya karanta musu littafin, ga kawunnan Dassin sun zo daga Dannet. Ni na ce ya karanta, da bakina, ina ta washe haƙora. Baba, buɗe shafi na sittin da biyu."

Babban dattijon ya gyara tabarau ya karanta a hankali. An rubuta cewa daga ƙarshe Dassin ta ga haske, ta bar hanyar iyayenta, aka yi mata baftisma a ɓoye.

'Yargata ta danna rediyon. Ta riga ta juya kaset ɗin ta tsai da shi daidai wurin tun daga gida. Muryarta ta fito, da kukan akuya a baya: "Dassin har gobe tana sallarta, ni ina addu'ata. Da Ubangiji ya tashi ɗaga ni, bai aiko fasto ba, Musulma ya aiko. A nan na gane ba a bar ni da rai don in zaɓi wanda zan buɗe wa ƙofa ba."

Ta kashe. "Ina baftismar? Ko kaset ɗin ne ya shanye ruwan?"

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Isufu bai ɗago ba.

"Inna, masu bugawa ne suka ce babin ba shi da ƙarshe. Littafin bishara ne, mai karatu yana son ya ga girbi. Na ce wa zai karanta shi a gidan Buzaye? Layi uku ne kawai."

"Girbi. Ka shiga gonar mutane ka yanka, ka ce girbi. Ka san abin da kawunnanta suka ce? Sun ce ashe shekarar fari ta sayar da sallarta a kan tiyar gero. Matar da soja ke wa kallon uwar 'yan tawaye, yanzu nata su ma sun juya mata baya. Kuma sunan wa ke jikin bangon? Hoton wa? Ba ta san Isufu ba. Ni ta sani, ni ta ɗura wa fura."

"To a tattara littattafan a ƙone," in ji babban dattijon, don a rabu lafiya.

'Yargata ta fizge littafin daga hannunsa ta rungume. "A ƙone wa? Shafi tamanin da huɗu ne, tamanin da uku nawa ne, ba wanda ya ara mini kalma. Mutuwar Nomau tana ciki, fari yana ciki. Duk masu karatun garin nan, wa ya yi irinsa? Ba za a ƙone ni saboda layinsa uku ba. Shi ya rubuta, shi zai goge, kwafi bayan kwafi, da alƙalaminsa, ya sa sunansa a gefe."

Ta ɗauki kwanon ta ajiye a cinyar Isufu.

"Gobe in Dassin ta idar da la'asar, kawunnanta ba su tafi ba tukuna. Ka ɗauki wannan, ka ɗauki rediyon, ni ina gaba kana baya. Ka tsaya a ƙofar Dassin ka karanta abin da ka rubuta, ka kunna abin da na faɗa, sannan ka gaya musu wanne ne bakina. Baba, ku ne shaida. Isufu, ɗago ka dube ni. Za ka je ka amsa a gabanta, ko Lahadi mai zuwa in kunna kaset ɗin nan a tsakiyar wa'azinka ka amsa a gaban jama'a?"