Mutumin da Ba Shi da Wari

Duk watan Nuwamba ba na cin albasa. Ba likita ne ya hana ni ba, auren Orrin Halvorsen ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan, da zarar lokacin farautar barewa ya kama, sai gidanmu ya koma kamar asibiti. Ba albasa, ba tafarnuwa, ba turare. Sabulunsa daban, mara ƙamshi. Kayan farautarsa ba sa shigowa gida, suna rumfar itace cikin wata ƙatuwar roba mai murfi, ya cusa musu busasshen ganye da ƙasar daji. A can yake sa su, tsaye cikin sanyi daga shi sai gajeren wando, mutum mai shekara sittin da uku, sannan ya feshe kansa daga hula har takalman roba da wani ruwa mai ɗan karen tsada.

Duk wannan wahalar saboda barewa ɗaya ce, wani tsohon namiji mai rassa goma a ƙaho, wanda Orrin ya shekara huɗu yana bi da baka da kibiya. Ƙananan barewa wawaye ne, in ji shi, amma duk wanda ka ga ya tsufa a daji, hancinsa ne ya raya shi. Sau ɗaya zai shaƙi warin mutum, kai da ganinsa sai baɗi.

Ni kuwa kullum ce masa nake asara yake yi.

"Ni da nake kwana kusa da kai za ka gaya wa ba ka da wari? Sabulun nan dai kai yake ruɗa, ba barewa ba."

"Marlys, in na fito daga rumfar nan, ko kare ba zai san na wuce ba."

"To madalla. Ina naman?"

Ranar Talatar da abin ya faru, ya fita tun da asuba, da ƙafa kamar kullum, don dajin a bayan gonarmu yake. Ƙa'idarsa sha ɗaya na safe yana gida. Na ɗora miyar wake, ba albasa, na yanka burodi da cuku. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. Na kira wayarsa ba ta shiga ba, amma wannan bai dame ni ba, kwaruruwanmu ba sabis. Abin da ya dame ni shanu ne. Sun taru a bakin shinge suna kuka, Orrin kuwa ko ranar jana'izar mahaifiyarsa bai bar su da yunwa har tsakar rana ba.

Na kira ƙaninsa Lyle, wanda gidansa ke gaba da namu.

"Matar yaya, kwantar da hankalinki. Wataƙila ya harbi tsohon ne yana can yana ja. Jiya ya ce min tudun arewa zai hau. Bari in leƙa."

Ƙarfe ɗaya da rabi na ji ƙarar babur ɗinsa mai ƙafa huɗu a tsakar gida. Tun daga yadda ya sauko gabana ya faɗi. Lyle mutum ne da ba ya shiga gida sai da tsokana a bakinsa, amma ranar hularsa kawai ya cire.

"Ba ya can. Kujerar farautar da ya ɗaura a saman itace, ko zama ba a yi a kanta ba yau. Ƙanƙarar safe tana nan a kai."

"Ai kai ka ce can ya tafi."

"Haka ya gaya min."

Muka kalli juna. Dukanmu mun gane. Ƙarya Orrin ya yi masa. Ya gano inda tsohon yake kwana, ya kafa sabuwar kujera, ya ɓoye wa ƙaninsa don kada ya riga shi. Haka ubansu ya yi har ya mutu, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ma bai gaya min ba, don ya san bakina ba ya riƙe magana a coci.

Na kira ofishin 'yan sandan gunduma. Matar da ta ɗauka ta ce za su tara mutane, amma sai an yi kamar awa ɗaya da rabi kafin su iso. Ta tambaye ni wane ɓangare na dajin ya shiga. Na ce mata ban sani ba. Eka ɗari uku namu, ga na maƙwabta sun haɗe da shi, duk tudu da kwari. Rana tana faɗuwa huɗu da rabi. Ina ajiye wayar na ga dusar ƙanƙara ta fara sauka a taga.

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ke hana maharbi dawowa. Ba kura ba ce, ba wata dabba ba. Kujerar nan ce ta ƙarfe da suke ɗaurawa can saman itace, tsayin bene biyu. Kusan duk shekara sai an ji wani ya faɗo. Wanda aka samu da wuri yana rayuwa. Wanda ya kwana a ƙasa cikin irin wannan sanyi, gawarsa ake ɗaukowa.

Sai idona ya kai kan Tansy, tsohuwar karyarmu mai dogayen kunnuwa, tana kwance bayan murhu. Aikinta bin jinin barewar da aka harba ta gudu. Ba ta taɓa neman mutum ba. Na shiga ɗaki na zaro safar da Orrin ya cire jiya daga kwandon wanki, na ɗaura mata doguwar igiya, na ɗauki bindigar da ke bayan ƙofa da harsashi.

"Me za ki yi?" in ji Lyle.

"Abin da kake gani."

"Marlys, takalmin roba ya sa, ya fesa magani. Ni ma irinsa nake amfani da shi, na san aikinsa. Ba abin da ya bari a ƙasa. Awa takwas ke nan kuma."

"To ka fi ta hanci ne? Kai nemo shi."

Na kai ta ƙofar rumfar itace, na tura mata safar a hanci. "Ina Orrin? Tansy, nemo shi. Nemo babanki."

Ta shinshina ƙasa, ta zagaya, ta koma, ta sake zagayawa. Ta ɗago kai ta kalle ni tana kaɗa wutsiya, kamar tana jiran in ba ta abinci. A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Shekara talatin ina yi wa mutumin nan dariya kan sabulunsa, ban taɓa tunanin ko yana da gaskiya ba sai a wannan lokacin. In yana da gaskiya, na rasa shi. Na ce a zuciyata, ya Ubangiji, ka sa mijina wawa ne, ka sa cutarsa masu kantin nan suka yi.

Sai ta sunkuyar da kai a gindin shingen waya, ta yi wani ɗan gurnani, ta ja igiya. Kudu ta nufa.

"Kudu?" in ji Lyle. "Ba shi da kujera a kudu."

"Wadda ka sani."

Muka bi ta ta gefen gonar masarar da aka girbe, muka tsallake rafi, muka shiga daji. Dusar tana ƙaruwa, ganyen ƙasa ya fara yin fari. Ina kiran sunansa har maƙogwarona ya fara zafi. Ba amsa sai hankaki. Tansy ba ta sauri, tana tafiya tana tsayawa, ni kuma duk tsayawar da ta yi sai numfashina ya tsaya tare da ita.

Mun yi kamar rabin awa sai Lyle ya riƙe hannuna. Ya nuna min wani wuri a ƙarƙashin reshe inda aka tone ƙasa da kofato, faɗinsa kamar tabarma, ga wari mai hawa kai. Kusa da shi wani itace mai kaurin cinyata, an goge ɓawonsa da ƙaho har ya yi fari.

"Kin gani? Turbar tsohon ce wannan. Barewa take bi, Marlys, abin da aka koya mata ke nan. Za ta kai mu har gunduma ta gaba, yaya kuwa yana can wani wuri yana daskarewa."

"In nan tsohon yake, ai nan Orrin zai zo."

"Ko kuma a'a! Yana da kujeru biyu a yamma da ban duba ba. Saura awa ɗaya da rabi duhu ya yi. Don Allah zo mu tafi."

Ban taɓa ganin Lyle yana kuka ba sai ranar. Kuma maganarsa ba ta banza ba ce, shi ne abin da ya fi ci min rai. Idan na bi karya na yi kuskure, ni na kashe mijina da taurin kaina.

"Kai je ka yamma," na ce. "In ka ji harbi uku, ni ce."

"Kin cika kafiya, wallahi ku biyun kun dace."

Ya juya da gudu. Na saurari takunsa har ya ɓace, sannan dajin ya yi tsit, irin shirun da dusar ƙanƙara take kawowa. Ni kaɗai da karya.

Turbar ta gangara cikin wani kwari mai duhun itatuwa da ban taɓa shiga ba, ƙasar wasu mutanen birni da ba sa zuwa. Ƙaya ta yage min wando. Sau biyu na faɗi, ina riƙe da bindiga sama. Yatsuna sun daina jin igiyar, sai da na naɗa ta a wuyan hannu. Kowane kututture na hango sai in ga kamar mutum ne a kwance.

Kwatsam daji ya fashe a gabana. Wani abu ya zabura daga cikin sarƙaƙiya, taku ashirin tsakaninmu, na yi ƙara na ja da baya. Tsohon ne. Ban taɓa ganinsa ba sai a hotunan da Orrin yake nuna min, amma ba wanda zai gan shi ya tambaya. Wuyansa kamar na bijimi, fuskarsa ta yi furfura. Ya tsaya ya kalle mu, ya yi wani huci mai ƙarfi ta hanci, sannan ya ɗaga farar wutsiya ya haura tudun hagu. Cikin tsalle huɗu ya ɓace.

Na ce shi ke nan, Lyle ya yi gaskiya. Ga abin da take bi, ta kawo ni gare shi. Na tsaya ina jiran ta fizge ni zuwa hagu.

Tansy ta bi shi da ido, kunnuwanta sun miƙe, jikinta yana rawa. Sai ta yi atishawa, ta mayar da hanci ƙasa, ta ja ni dama.

Ban san lokacin da na fara gudu ba. Yanzu ita ma gudu take, tana wani siririn kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba. Muka zagaya wani dutse. Bakan Orrin na fara gani, yana lilo a jikin igiyar da yake jawo shi sama da ita. Na ɗaga kai, ga kujerar can sama ba kowa. Ɗaya daga cikin matakan da ya ɗaura a jikin itacen ya zame ya karkace.

Yana kwance rigingine a gindin itacen, dusa ta rufe masa ƙirji. Kayan nan nasa masu kalar ganye sun saje da ƙasa, da ni kaɗai ce da sai in wuce shi taku biyar ban gani ba. Tansy ta faɗa kansa tana lasar fuskarsa. Ni kuwa na kasa ƙarasawa. Na tsaya ina kallon gemunsa da ya yi ƙanƙara, ina jira.

Sai ya kawar da kai daga harshenta.

Na saki igiyar, na ɗaga bindiga sama na harba sau uku, harsashi ɗaya ma ya faɗi wajen ɗurawa. Can nesa ta yamma na ji an amsa da hon ɗin babur. Na cire rigar sanyina na rufa masa, na durƙusa na rungume kansa ba tare da na motsa wuyansa ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Muryarsa ta dishe, sai na kai kunne bakinsa.

"Tun bakwai... ina hawa ne, ban kai ga ɗaura igiyar tsaro ba."

"Yi shiru. Suna zuwa."

"Wa ya gaya miki nan nake?"

"Ba wanda ya gaya min, munafuki. Tansy ce."

"Ta bi sawuna?"

"Tun daga ƙofar rumfa."

Ya lumshe ido. Na ɗauka zai yi gardama, don Orrin bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Hawaye ne kawai ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne.

"Na yi ta ƙoƙarin tashi," ya ce. "Marlys, ƙafafuna suna nan?"

"Suna nan mana. Ina za su je?"

"Taɓa min ɗaya in ji."

Tun kafin ya tambaya hannuna na dama yana kan gwiwarsa. Na matsa ta da duk ƙarfina, har farcena ya shiga cikin wandon. Yana kallon sama, yana jira.

"Taɓa mana," ya ce.

"To," na ce. "Bari hannuna ya ɗan yi ɗumi tukuna."