Ƙafar Tela a Cikin Leda

Tun yana saurayi Tela yake taka keken ɗinki da ƙafar dama, kuma ita ciwon suga ya zaɓa. Ɗan gyambo ne ya fito a babbar yatsa, ya ƙi warkewa, har ya soma wari. Likitan babban asibiti ya ce a yanke yatsar tun abin bai hau sama ba. Tela ya tashi ya fice, ko sallama babu. Matarsa ta bi shi a baya. Ta san halin kayanta, idan ya kafe ko a taru a kansa ba ya motsi.

Ƙaninsa ne ya kawo labarin wani ƙaramin asibiti a saman kantin magani, inda ake jinyar gyambo da iskar ozon. Babu wuƙa, babu almakashi. Tela ya ce nan za shi.

Matar ta zura ido ta haddace yadda ake yi. Nas takan wanke gyambon, ta zura ƙafar cikin leda mai kauri, ta ɗaure a ƙarƙashin gwiwa. Sai ta jona siririn tiyo daga wata na'ura da ke jan iska daga tukunyar oksijin tana mayar da ita ozon. Ledar ta kumbura, yatsun Tela suna ciki kamar kaya a kanti. Abu guda ne ya tsaya wa matar a rai. Kullum taga a buɗe, fanka tana juyawa, ga ɗan warin maganin nan mai kama da na bilic ɗin wanki tana jin sa yana bin iska yana fita. Ita da ta reni 'ya'ya ta san ko tururin ruwan zafi ne ake yi wa mai mura, sai an lulluɓe shi da bargo. To ta yaya gyambo zai warke, magani yana gudu ta taga?

Ran nan nas ta fita amsa waya. Matar ta miƙe ta ja taga, ta kashe fanka, ta cusa gyalenta a ƙarƙashin ƙofa. Ta koma ta zauna, zuciyarta wasai, yau dai ta yi wa mijinta wani abu.

Ba a jima ba Tela ya fara tari. Ita ma maƙogwaronta ya hau ƙaiƙayi, idonta ya kawo ruwa. Nas ta turo ƙofa da ƙyar, ta kashe na'urar, ta wangale taga. Ta tsinci gyalen ta kaɗe ta miƙa mata.

"Mama, iskar nan ta fata ce, huhu ba ya son ta. Shi ya sa muke barin taga."

"Na ga ba ya samun sauƙi ne, 'yar nan. Na ce ko maganin ne ke zurarewa."

Nas ba ta yi dariya ba. Ta kwance ledar, ta durƙusa ta daɗe tana duban yatsar. Baƙin da yatsar ta yi ya wuce inda yake a makon jiya, ya fara lasar tudun ƙafa.

"Baba, ba ka gaya mata ba?"

Tela ya kau da kai yana kallon bango.

"Tun zuwan farko likitanmu ya faɗa masa, Mama. Abin da muke yi taimako ne, bai tsaya a madadin aikin tiyata ba. Baba ya ce zai koma babban asibiti. Yau yatsa ce. In aka ƙara jinkiri, ban san inda za su yanke ba."

Kunya ta saki matar, haushi ya kama ta, sai kuma tausayi ya danne su duka. Ashe duk sintirin nan tsoro ne yake ɗawainiya da shi, shi kaɗai, bai bari ta taya shi ba.

A kan matakala ya dafa kafaɗarta, suna sauka a hankali.

"In suka yanke, da me zan taka keke?" ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Da ta hagu, Malam."

"Ta hagu ba ta iya ba."

"Za ta koya. Ai tana gefe tana kallo tun kafin ka auro ni."

A bakin titi ta tsayar da tasi. A zamansu kaf shi ke faɗa wa direba inda za su. Yau ya bar mata. Ta sunkuya ta ce babban asibiti, Tela kuma ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya shigar da ita mota.