Madarar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Kwanon Lidiya ya kwana ya yini a ɗakin Hajjo, abin yana cin ranta. Lidiya maƙwabciyarta ce a Ɗorayi, ta aiko mata da faten acca, ita kuwa Hajjo ko a mafarki ba ta mayar wa mutum kwanonsa wayam. Bashi ne, ko ba a kira shi bashi ba.

Da la'asar sai ga ɗanta Labaran ya taso daga kamfanin madarar da yake aiki a Sharaɗa, da jarka ɗaure a bayan babur. Ya dire ta a tsakar gida.

"Inna, bari in samu jam'i," ya fice.

Hajjo ta buɗe jarka. Madara ce fara tas, sanyi ƙalau. Ta ɗauraye kwanon nan, ta cika shi har baki, ta kai da kanta.

"Ki ba ɗan yayen nan naki, Daniel," in ji ta. "Ta kamfani ce, ba ta talla ba."

Ta dawo tana jin kanta sakayau. Labaran na shigowa ya ɗaga jarka, ya ji ta ragu.

"Inna, wa ya taɓa wannan?"

"Ni. Ko sai na nemi izni a gidana?"

"Kun sha?"

"Na kai wa Lidiya. Kai, mene ne kake zare min ido?"

Ya dafe kai. Ya ce a kamfani ba a ɗura madara sai ta bi ta cikin bututu mai zafi, zafin ya kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki. Yau aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, madarar ta yini a tanki tana ɗumi-ɗumi, manaja ya ce a zubar. Shi kuma ya ga asarar ta yi yawa, ya ɗebo don a tafasa ta sosai a gani.

"To ai da sanyinta na same ta!"

"Ni na sa ta a ƙanƙara, Inna. Sanyi ba ya kashe su, barci kawai yake sa su. Babba ma tana iya kayar da shi, balle yaro."

Hajjo ta miƙe tsaye. 'Ya'ya biyu ta binne a ƙauye, duk amai da gudawa. Ta san yadda abin yake: da safe yaro yana wasa, kafin a ankara ido ya zurma, maɗiga ta faɗa. Kuma wannan ɗan mutane ne, da hannunta ta kai.

Tun da take ba ta taɓa ba da abu ta koma karɓa ba. Yau ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Ta faɗa gidan ba sallama. Lidiya na zaune a kan tabarma, yaron a cinyarta, kofi a bakinsa. Hajjo ta kaɓe kofin, madara ta watsu a ƙasa.

"Mama! Lafiya?"

"Ya sha?"

"Ya sha mana, wannan kofi na biyu ne. Har lashe baki yake. Me ya faru?"

"Ba a dafa ta ba, 'yar nan. Ta zubarwa ce. Ni na cuce ki."

Lidiya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Mama, dubi shi fa, lafiyarsa lau."

"Ba yanzu take nunawa ba," in ji Labaran daga bakin ƙofa. "Wataƙila gobe, wataƙila ma ba komai. Allah ne masani."

Dariyar ta ɗauke. Lidiya ta ƙanƙame ɗanta, tana duban Hajjo kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Ba ni shi," in ji Hajjo. "Ki zage ni a hanya, amma asibiti za mu. Ba zan zauna jiran gobe ba."

Lidiya ta miƙa mata shi. Labaran ya tare musu a-daidaita-sahu a bakin titi. Suka shiga. Yaron na wasa da carbin Hajjo, ita kuwa tafin hannunta na kan cikinsa. Suna hawa kwalta ta ji cikin ya yi ƙugi.

"Direba," ta ce, "don girman Allah taka."