Sabon Batir a Jirgin Baba Direba

Jirgin bai ko yi niyyar shan kwanar ba. Ya taho a guje kamar an biyo shi da bulala, ya bar layin dogo, ya bi ta kan sojojina goma sha biyu, ya tunkuɗe tashar da muka gina da kwalin sabulu, sannan ya faɗo daga tebur ya kife a ƙarƙashin gado, tayoyinsa na ta juyawa a sama.

Baba Direba bai ko dubi inda ya faɗa ba, ni ya tsura wa ido.

"Kwamanda, wa ya taɓa mini batir?"

"Batir kuma, Baba?"

"Shekara talatin da ɗaya ina jan jirgin ƙasa. Tun da na danna makunni na ji kukan injin nan ya canza. Ɗauko mini shi."

Na durƙusa da tumbina da komai, na shiga laluben ƙarƙashin gado, ina fatan kada hannuna ya kai gare shi.

Ni mai aski ne, bango ɗaya ya raba shagona da ɗakinsa. Shekara bakwai ke nan muna yaƙi da juna duk yamma idan masu zuwa aski sun ɗauke ƙafa. Fagen famar tsohuwar ƙofa ce da muka ɗora a kan durom biyu. Tsaunukan na soson katifa ne, kogin shuɗiyar leda, sojojin kuwa na roba, babu wanda ya kai ɗan yatsa tsawo. Da tef ɗin tela muke auna tafiyar kowane soja, ƙwayar ludo kuma ita ke faɗin ko harsashi ya samu ko ya kuskure. Shi ya laƙaba mini Kwamanda, kuma ba don girmamawa ba.

Jirgin na yara ne, irin mai arahar nan da ake bazawa a bakin titi, ja da rawaya, har da fuska mai dariya a gabansa. Baba ya kankare fuskar da rezata, ya shafe shi da baƙin fenti, ya liƙa wa taragan kwali ya ce sulke ne. Aibinsa ɗaya, gudun tsiya. Da sabon batir ba ya zama a kan layi. Saboda haka sai wanda ya kusa mutuwa muke sa masa, kuma duk unguwa an san da haka. Rimot ya fara gardama, ko tocila ta koma ja, sai ka ji an ce a kai wa Baba Direba. Dokar wasa kuwa, mai jirgi zai kunna, ya ƙirga biyar, ya kashe. Inda ya tsaya nan ya tsaya.

Kwana huɗu kafin wannan hatsari, 'yarsa, wadda nas ce, ta tsaya a ƙofar shagona da jakarta a kafaɗa.

"Kawu, likita ya ce zuciyar ta gaji. Ko sati ne, ko wata. Shi ma ya sani."

Na ce Allah ya ba shi lafiya, na juya na ƙarasa wa wani bawan Allah askin da ya sa har yau bai sake dawowa shagona ba.

A lokacin muna cikin yaƙin gada. Jirginsa zai kai abinci garin da na yi wa ƙawanya, kuma dole ya haye gadar kafin igwata ta matso. Sau uku yana gwadawa, sau uku ina tarwatsa shi. Sai na ce a raina tsohon nan ba zai tafi bai haye gadar nan ba. In yi kuskure da gangan ba zai yiwu ba, domin idonsa na kan tef. Shi ya sa da ya juya shan magani, na zare batirin jirgin na sa sabo fil da na ciro daga rediyon shago. Ni a lissafina jirgin zai ɗan ƙara sauri ne kawai. Na manta da kwanar.

Ya buɗe cikin injin da farce, ya zaro batirin yana ƙyalli, ya ɗaga shi sama.

"Wannan na wane ne?"

"Baba, ni dai gani na yi..."

"Gani ka yi na mutu." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. "'Yata ta hana ni gishiri. Maƙwabta suna shigowa suna yi mini magana ƙasa-ƙasa kamar jinjiri na barci. Mutum ɗaya ya rage a garin nan da yake shigowa don ya ga bayana, ina jin daɗi. Yau kai ma ka zo gaisuwa. Tashi ka ba ni wuri."

Na fita da batirina a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana uku ƙofarsa na rufe a gare ni. Ina jin tarinsa ta bango, duk tarin da ya yi sai almakashi ya tsaya a hannuna. Tsoro nake ji ƙwarai kada ya tafi yana fushi da ni. Matata kuwa dariya ta samu.

"Kai da ko aski ba ka yi wa mutum ragi, yau kai ne mai tausayi? Ƙaton mutum da kai, an kore ka daga wasan yara."

"Ba wasan yara ba ne, yaƙi ne."

"To je ka yi yaƙin mana, ka zauna kana ta zumɓura mini baki."

A rana ta huɗu na kwance agogon bangon shago, wanda ya yi wata biyu yana makara, na cire batirinsa. Na ba nas ɗin a takardar sigari, na ce ta faɗa wa mahaifinta igwata na nan inda na bar ta, kuma idan ya isa ya fito. Ta dube ni kamar na taɓu. Ba a yi minti biyar ba ta leƙo tana danne dariya.

"Ya ce wai ka zo da likkafanin sojojinka."

Na same shi an jingina shi da matasai uku, an jawo teburin har bakin gado. Ya rame sosai, sai idanun nan. Ya gyara tashar da salatif, ya mayar da kowane soja inda yake, har nawa goma sha biyun da jirgi ya take. Ya sa batirin agogon, ya kara injin a kunne, ya saurara.

"Wannan ya yi. Gajiyayye ne kamar ni. Zauna."

Ban taɓa yin wasa da mugunta irin na ranar ba. Na tura mahaya doki ta bayan tsauni, na datse masa hanya, na yi gardama a kan rabin inci har sai da nas ta shigo ta ce a asibiti ma ba a yin wannan hayaniya. Shi kuma yana ƙirga biyar ɗinsa a hankali, yana ja kamar mai hamma.

"Baba, wannan biyar ɗin ta kai takwas!"

"Numfashi ne ba ni da shi, marar kunya. Ka tausaya wa majinyaci."

"Ba ni da tausayi."

"Madalla."

Jirgin ya rarrafa ya hau gadar, ya tsaya taƙi ɗaya kafin ƙarshenta. Na auna da tef, igwata ta kai. Shida kaɗai za ta same shi. Na girgiza ƙwayar a hannu, kuma wallahi da zuciya ɗaya na nemi shidan. Ta gangara ta bugi gindin tsauni, ta tsaya a kan shida.

Baba Direba ya kece da dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin kumatunsa. Da hannunsa ya kwantar da injin a cikin shuɗiyar leda.

"Sau huɗu! Kai, Allah ya isa tsakanina da kai, Kwamanda. Jera su, sabon yaƙi za mu fara. Wannan karon ta gabas zan zo."

Muka jera. Ya kunna, ya ƙirga biyar ɗinsa, ya matsar da sojoji shida zuwa bakin kogi, sannan ya koma kan matashi ya lumshe ido.

"Saura kai. Amma sai gobe, na gaji. Kada ka taɓa mini komai."

Washegari da hantsi, ina tsakiyar yi wa wani gyaran fuska, nas ta tsaya a ƙofar shago babu takalmi a ƙafarta. Na ajiye rezar, na bi ta.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, mutane sun cika tsakar gida, sai ta ce in shiga in kwashe kayan wasan, ta san ni zai so in riƙe su. Na shiga. An naɗe katifar, an buɗe taga, teburin na nan yadda muka bar shi. Na ɗauki tef na auna daga tsauni zuwa bakin kogi. Na jefa ƙwayar sau biyu, na kwantar da sojojinsa biyu a gefen ruwa. Sannan na ajiye ƙwayar a ɓangarensa na tebur, na jawo kujerata na zauna.