Kabarin Datti a Gidan Felicitas

Bayan rikicin da ya raba Jos gida biyu, mutane suka ɓullo da musayar gida: Musulmin da ke unguwar Kiristoci ya ba da nasa, ya karɓi na Kiristan da ke unguwar Musulmi. Haka Maimunatu ta koma gidan Felicitas a bayan Titin Bauchi, Felicitas da mijinta Ejiofor kuma suka tare a nata. Sun daɗe da sanin juna, tun 'ya'yansu, Ashraf da Chukwudalu, suna firamare ɗaya.

Sai dai Maimunatu ta bar abin da ba ya ɗaukuwa. Mijinta Datti, mahauci a mayankar Abattoir, an sare shi ne a hanyar gida ranar da abin ya ɓarke. Dokar hana fita ta hana a kai shi maƙabarta, aka binne shi a bayan ɗaki. Felicitas ce ke share wurin, ita ce kuma ke tsayawa kai da fata duk lokacin da Ejiofor ya tayar da maganar gina shago a kansa. Ba mugunta ce ke cin mutumin ba. Ya gaji ne da zama da kabarin wani, alhali nasa ɗan, Chukwudalu, ko gawarsa ba a gani ba.

Wata rana Maimunatu ta je ziyara, ta tarar da bulo jibge a tsakar gida. Felicitas ta ce mata ƙarfinta ya ƙare, abu ɗaya ne kawai zai tsayar da mijinta.

"Maman Ashraf, ni ina duba naka," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Ka tambaya mutanen unguwanku inda an sa nawa. Wuri kawai muke so."

Maimunatu ta shiga bin gida-gida. Tela ya ce aikin 'yan siyasa ne. Mai shago ya rantse baƙi ne aka sauke a mota. Wani dattijo da ya taɓa zuwa taron zaman lafiya a Kuru ya zaunar da ita ya cika mata kunne da batun filaye da na 'yan ƙasa da baƙi, har la'asar ta kusa. Abin takaici, kowa a unguwar ya san dalilin faɗan tiryan-tiryan, amma babu wanda ya ga hannun da ya riƙe adda. Ita dai ba dalili ta zo nema ba.

Tana mitar hakan ne wata rana da azahar, Ashraf ya dawo daga tuƙin bas yana cin shinkafa, sai ta ga ya ajiye cokali. Ya ce mata gawar Chukwudalu tana bayan tsohon garejin bakin rafi, gindin wani mangwaro. Ta tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce ranar da suka binne babansa ya tsallako unguwar nan da ƙasar kabarin a hannunsa, ya tarar da samari suna neman inda Inyamurai suka ɓuya, shi ya nuna musu ƙofar. Ya ce bai taɓa Chukwudalu ba, a waje ya tsaya.

Ta ce, me Chukwudalu ya yi masa?

"Umma, wanda ya kashe Baba ban san shi ba. Gidan su Dalu na sani."

Maimunatu ta dubi ɗakin da suke ciki, ta gane daga nan aka fitar da yaron. Tsoro ya kama ta, da kunya, da son ɗanta da ya ƙi raguwa ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ƙona mata rai. In ta yi shiru, za a zuba kankare a kan Datti. In ta faɗa, Felicitas ba yarinya ba ce, za ta gane inda labarin ya fito.

Washegari ta yafa mayafi ta tafi. Ta sami Felicitas tana wanki, ta kwatanta mata garejin da mangwaron. Matar ta tsame hannu daga ruwan, ta sa ta maimaita, ta maimaita, sannan ta tambayi wanda ya faɗa mata. Maimunatu ta ce mutanen unguwa.

"Shekara da shekaru mutanen unguwa ba su sani ba," in ji Felicitas.

Maimunatu ta sunkuyar da kai. Felicitas ta daɗe tana kallonta, kumfa na bushewa a hannunta.

"Yaron nan naka ya ci abinci a tukunyana," ta ce a hankali. Ta juya ta dubi bayan ɗakin. "Ba wanda zai taɓa mijinka, zan share shi kamar kullum. Amma kar ka sake zuwa gidan nan."