Idon Baba Ishaku

Ɗan'uwa rabin jiki ne, amma wani rabin kishi gare shi. Tun da ƙyanda ta tafi da idon Zunnuraini yana ƙarami, wansa Ɗantala ne idonsa. Shi ya ja masa sanda, shi ya kai shi makarantar makafi, yanzu kuma shi ke ɗaukarsa a kabu-kabunsa kullum zuwa wani shago kusa da bodar Jibiya.

Aikin Zunnuraini gwada wani shafin intanet ne da ake shirya wa 'yan kasuwa masu fitar da hatsi Maraɗi. Madannan kwamfuta kawai yake latsawa, wata murya tana karanta masa inda ya isa. Sai dai abu ɗaya ya fi ƙarfin kunne. Duk inda ya tsaya a shafin, ya kamata wani ɗan layi ya kewaye wurin, don mai ido ya san inda yake. Ko layin ya fito ko bai fito ba, muryar ba ta faɗi. Gani ya kori ji, dole a nemi mai dubawa.

Sai Zunnuraini ya tsallake wansa, ya kira Baba Ishaku, tsohon ma'aikacin kwastan wanda ciwon yanar ido ya fara cin ganinsa.

Abin ya tsaya wa Ɗantala a wuya. Ya riƙa faɗi a tashar babura cewa makaho ya ɗauki rabin makaho ɗan jagora. Ran nan ya riga tsohon zuwa, ya zauna a kujerarsa, ya ce yau a gwada ido na gaske. Zunnuraini ya yi ta latsawa yana tambaya, Ɗantala na cewa ga layin nan, ya gani. Da Baba Ishaku ya iso, ya kai hanci jikin gilashin kwamfutar, ya ce shi fari kawai yake gani. Layin kuwa yana nan, siriri, toka-toka kamar zaren gizo.

Zunnuraini ya rubuta cewa wurin bai yi ba.

"Ƙarya na yi ke nan?" in ji Ɗantala.

"A'a, Yaya. Kai ko ƙwayar gero ta faɗi a rairayi sai ka tsince ta. Alhazan da za su yi aiki da abin nan irin idon Baba gare su. Naka ya yi kyau da yawa."

Ɗantala ya tashi daga kujerar. Yabon bai yi masa daɗi ba, ai zuma ce da harbi. Sai ƙanen ya ƙara da roƙonsa ya riƙa ɗauko Baba daga gida, tunda tsallaka titin manyan motoci na ba shi wahala.

Bai ƙi ba, kuma bai taɓa makara ba. In Zunnuraini ne a bayansa, babur ɗin tafiya yake kamar kwalekwale a ruwa kwance. In Baba Ishaku ne, ba ramin da Ɗantala ke kaucewa.